Zan iya raba wa 'ya'yana gado tun ina raye?

Tambaya daga wani dattijo ɗan kasuwar hatsi a Ƙauran Namoda: "Shekarata 68. Ina da mata biyu, da 'ya'ya maza uku da mata huɗu a raye. Babban ɗana, ɗan uwargida, ya rasu ya bar yara uku, suna hannuna. Ina da gidan da muke ciki, da gidan haya a Gusau, da fadama a bakin gulbin Gagare, da gonar tudu a ƙauye wadda rashin tsaro ya hana mu zuwa, da shagon hatsi da ɗana na biyu yake riƙe da shi, da 'yan shanu a hannun makiyayi, da kuɗi a banki. Ina so in raba musu gado tun ina da rai don kada su yi rigima a bayana. Kuma ina so in bar wa amarya gidan da muke ciki, domin 'ya'yanta ƙanana ne, namiji ɗaya da mata biyu. Yaya zan yi?"

Baba Alhaji, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya ji ƙan ɗanka, ya raya abin da ya bari.

Gado ba ya tabbata sai mai dukiya ya rasu, kuma sai magajin yana raye a lokacin rasuwar. Yau ba ka san wanda zai gaje ka ba. Da ka yi wannan rabon shekarun baya, da ka ware kason babban ɗanka, sai ga shi kai ne ka gaje shi. Amarya tana iya ƙara haihuwa, fadama tana iya ninka daraja, shanu suna iya tafiya a dare ɗaya kamar yadda muke gani a Zamfara. Saboda haka duk abin da ka miƙa wa wani kana raye, ko da a gaban liman ka kira shi gado, a wurin shari'a kyauta ce, kuma da hukuncin kyauta alƙali zai auna ta.

A aikina na lauya a kotunan shari'ar Musulunci, da wuya in ga 'yan'uwa sun daɗe suna jayayya a kan kason kowa. Wannan Allah ne ya yanke shi da kansa a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176, kuma duk malamin zauren da ya karantar da littafin fiƙihu na Risala zai lissafa maka shi a zama ɗaya. Abin da yake riƙe magada a kotu shekara da shekaru tambaya ce guda: wannan na marigayi ne ko ba nasa ba ne? Ɗa ya ce shago da guminsa ya tashi. Uwargida ta ce da kuɗin gadon mahaifinta aka sayi fili. Maƙwabci ya ce gonar sayar masa aka yi, ba aro ba ce. Mutum ɗaya ne ya san gaskiyar duka, shi kuma an kai shi makwanci. To nan ne aikinka yake, kuma babu mai iya yi maka shi: ka fayyace abin da yake naka, ka fitar da na mutane daga cikinsa.

Bari mu buga lissafi da gidanka don ka ga inda kowa ya tsaya. A ce ta Allah ta kasance, an yi sutura, an biya bashi, abin da ya rage ya kai naira miliyan 48, adadi na misali kawai, kuma iyayenka ba sa raye. Matanka biyu za su haɗu a tumuni, kashi ɗaya cikin takwas, wato miliyan 6, kowace ta ɗauki 3. Sauran miliyan 42 a kasa su goma, kowane namiji kaso biyu, kowace mace kaso ɗaya: ɗa ya sami miliyan 8.4, 'ya ta sami 4.2. Jikokinka uku da suke cin tuwo a gidanka yau ba su da ko sisi, domin ɗa namiji mai rai yana katange 'ya'yan ɗan'uwansa da ya riga uban rasuwa.

Ba ka tambaye ni a kan jikokin nan ba, amma a ganina su ne suka fi kowa buƙatar ka yi wani abu. Masar ta yi doka a 1946 wadda ta wajabta a fitar wa irin waɗannan jikoki kaso ko kakan bai yi wasiyya ba. Kotunanmu mazhabar Malikiyya suke bi, babu wannan tanadi, in ba ka yi da bakinka ba alƙali ba zai yi maka ba. Sai dai rashin gadon nasu shi ne ya buɗe maka ƙofa, domin wasiyya ga wanda ba magaji ba ake yin ta, har zuwa sulusin dukiya, wato kashi ɗaya cikin uku, kamar yadda Annabi (SAW) ya iyakance wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, ya ce sulusin ma da yawa. Ka yi musu wasiyya da sudusi, kashi ɗaya cikin shida, wato miliyan 8 a misalinmu. Sai miliyan 40 su rage: mata su ɗauki 5, kowane ɗa 7, kowace 'ya 3.5. Da mahaifinsu yana raye, miliyan 7 zai samu. Ka ga ka mayar musu da kwatankwacin abin da mutuwa ta hana su, kuma ko rabin haƙƙinka na sulusi ba ka wuce ba. Ka faɗe ta da kaso, kada ka faɗe ta da naira. Miliyan 8 ta bana ba ita ce ta shekara goma masu zuwa ba, wanda ya sayi buhun gero shekara biyar da suka wuce ya fi ni sani.

Akwai kuma abin da ya riga wasiyyar. An raba gadon mahaifinsu kuwa? In akwai namiji a cikin yaran, kai kana da sudusi, uwargida tana da sudusi, matarsa tumuni, saura nasu ne. In jarinsa yana nan cikin shago yana juyawa tare da naka, dukiyar marayu ce ta cuɗanya da taka. A zauna da malami a fitar da ita yanzu, a rubuta.

Sai maganar gida da amarya, kuma a nan zan ɗan daɗe. A Malikiyya kyauta ba ta cika sai da hauzi, wato wanda aka ba ya karɓa ya riƙe, hannun mai bayarwa ya fita daga kanta, tun kafin mai kyautar ya rasu, ko ya kwanta ciwon ajali, ko bashi ya cinye dukiyarsa. In ɗaya daga cikin waɗannan ya riga hauzi, kyautar ta ɓaci, abin ya koma cikin gado. Takarda da sa hannun shaidu goma ba ta maye gurbin wannan. Na sha ganin takardar kyauta da aka buga da kwamfuta, da hatimi da komai, ta faɗi a kotu saboda tambaya ɗaya: wa yake karɓar kuɗin hayar har ranar da ya rasu? Aka ce marigayi. Shi ke nan.

A kan gidan zama hukuncin ya fi tsauri. Mukhtasar na Halil, babban littafin fiƙihun Malikiyya, ya faɗa a fili cewa mace tana iya ba mijinta gidan da suke ciki kyauta ta inganta, amma miji ba ya ba matarsa gidan da yake zaune a ciki ya ci gaba da zama, domin zaman nata a wurin ɗaukar nauyinsa ne, ba hauzi ba ne. In kana son kyautar ta tsaya sai ka kwashe kayanka ka fita, kuma kada ka dawo kafin shekara ta zagayo. In kuwa ka ce "bayan raina gidan nata ne", wannan wasiyya ce ga magaji, babu wasiyya ga magaji, sai in sauran magada sun amince bayan rasuwa, wanda ya ƙi kuma ba a tilasta shi, ƙananan yara ma babu mai ikon yafe haƙƙinsu.

Ko da hanya a buɗe take, ni ba zan ba ka wannan shawara ba. Uwargida fa? A gidan nan ta tsufa, a nan ta yi zaman makokin ɗanta. Ranar da aka ce mata gidan na kishiyarta ne, wutar da kake gudu ka hura ta da hannunka, kuma 'ya'yanta manya ne, su za su kai ƙara. Tsoron da kake ji wa amarya gaskiya ne, amma duba lissafin bayan an fitar da wasiyyar jikoki: ita miliyan 2.5, ɗanta 7, 'ya'yanta mata biyu 7, jimla miliyan 16.5 a ɗakinta, fiye da kashi ɗaya cikin uku na dukiyar. Ba a titi za a bar ta ba. Kuma wata huɗu da kwana goma na takaba babu mai fitar da ita ko uwargida daga gidan. In kana son ƙara musu kwanciyar hankali, ka ba kowace wani abu da za ta iya riƙewa da kanta tun yanzu: fili, ko ɓangare a gidan haya na Gusau. A sanar da 'yan haya a gaban shaidu cewa daga yau ga mai gida, kuɗin haya ya riƙa shiga asusunta, a sauya suna a takarda. Ka sani kuma kyautar da miji ya yi wa matarsa ba a janye ta, ko zama ya ɓaci daga baya.

Kyauta ga 'ya'ya tana da nata sharuɗɗa. Ka san hadisin Nu'umanu ɗan Bashir, wanda mahaifinsa ya ba shi kyauta shi kaɗai ya nemi Annabi (SAW) ya yi shaida, aka tambaye shi ko duk 'ya'yansa ya ba haka, ya ce a'a, Annabi ya ƙi shaidar ya ce a yi adalci tsakanin 'ya'ya. Mafi yawan malamai sun fi son a daidaita namiji da mace a kyauta, malaman mazhabar Hambaliyya suka ce a bi ma'aunin gado. Kowanne ka ɗauka, kada a bar wani a waje. Manya su karɓi nasu da hannunsu. Ƙanana kai ne mai riƙe musu, shaidu sun wadatar, in ban da gidan da kake zaune a ciki, da tsabar kuɗi ko hatsi waɗanda ba a bambanta su da naka. Waɗannan sai an fitar da su zuwa hannun wani amintacce. Uba yana da damar janye kyautar da ya yi wa ɗansa, matuƙar ɗan bai yi aure ko ya ci bashi da ƙarfinta ba, abin bai sauya ba, kuma babu wanda ya kwanta ciwon ajali a cikinsu. In ka ambace ta da sadaka don Allah, wannan damar ta tafi.

Duk wannan a yi shi da lafiya. Kyautar da aka yi a gadon asibiti cikin ciwon da ya zama ajali, hukuncin wasiyya take ɗauka: ga bare ba ta wuce sulusi, ga magaji ba ta tafiya sai da yardar saura. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma kada ka rabar da komai ka zauna hannu rabbana. Shekara 68 ba ƙarshen rayuwa ba ce, magani yana da tsada, kuma dattijon da sai ya tambayi ɗansa kuɗin cefane a gidan da shi ya gina, maganarsa tana rage nauyi ko 'ya'yan na kirki ne.

Shagon hatsi shi ne na fi ji wa tsoro bayan gida. Mun gaji tsarin gandu, ɗa yana aiki ƙarƙashin uba ba albashi ba rubutu, da fahimtar cewa "ai duk namu ne". A da uba yakan yanka wa ɗa gayauna, kowa ya san wannan tasa ce. A kasuwa ba ma yin haka. Ɗanka ya ba shagon ƙuruciyarsa, ranar rabo kuma ƙaninsa da bai taɓa ɗaga tiya ba zai ɗauki daidai da shi, in ba a tabbatar da wani abu ba. Ka zaunar da shi yanzu ku ba abin suna. Ko ma'aikaci ne a yanka masa lada, har da na baya in ka ga ya cancanta. Ko abokin tarayya ne, a ce kashi kaza na jari da riba nasa ne. A ƙirga buhunan da suke sito, a rubuta bashin da ake bin shago da wanda shago yake bi, 'yan'uwansa su ji da kunnensu daga bakinka. Biyan ɗa haƙƙin guminsa ba fifiko ba ne.

Haka za ka yi da matanka. Ragowar sadaki in akwai, bashi ne. Kuɗin da wata ta ba ka ka juya mata, awakinta, zinarenta, gadon gidansu da ya shigo hannunka, a biya ko a rubuta. Zakkar da ta wuce ba a fitar ba, ka fitar da ita da hannunka, kada ka bar wa magada.

Gonar ƙauye kada ka ɗauka ta mutu don ba a zuwa. Dattawan da suka san iyakokinta sun watse, wasu suna Gusau, wasu Allah ya yi musu rasuwa a gudun hijira. In lafiya ta samu, wanda ya riga komawa shi zai shuka. Kotunanmu suna aiki da ƙa'idar cewa wanda ya riƙe ƙasa shekara goma, mai ita yana gani bai yi magana ba kuma babu abin da ya hana shi, da'awarsa ta yi rauni. Tsakanin dangi ana tsawaita wa'adin har shekara arba'in. Tsoro uzuri ne, aro da jingina kuma ba sa zama mallaka komai daɗewa, amma sai an tabbatar aro ne ko jingina ce. Ka nemi hakimin garin da masu iyaka da kai duk inda suke, a rubuta iyaka ta gabas da yamma da kudu da arewa, su sa hannu. In ka ba wani aron wani yanki, ko ka karɓi jinginar gonar wani, a rubuta da adadin kuɗin. Game da gidan Gusau, in yana da satifiket na mallakar fili, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ce sauya mallaka sai da amincewar gwamna, filin karkara kuma ta hannun ƙaramar hukuma. Shanu a ƙirga su a gaban shaida, a san naka, a san na kiwo, a san abin da kuka yi da makiyayi a kan 'ya'yan da aka haifa.

Banki ba ya buƙatar dogon bayani. Sunan da ka rubuta a fom a matsayin makusanci ba ya mayar da mutum magaji, wanda za a tuntuɓa ne kawai. Banki ba ya sakin kuɗin mamaci sai da takardar kotu, kuma ɗan da ya ɗauki katin ATM ya zare kuɗi ranar sadakar uku ya ci haƙƙin marayu. Ka rubuta sunayen bankunan da lambobin asusu. A 2024 Babban Bankin Najeriya ya fitar da ƙa'ida cewa kuɗin asusun da ya shekara 10 ba a taɓa ba za a mayar da su wani asusu a hannunsa. Magada suna iya nema, amma sai sun san akwai shi.

Wani abu da iyaye suke mantawa shi ne wasiyyi, mai kula da dukiyar ƙananan yara. A Malikiyya wannan iko na uba ne, sai wanda uban ya naɗa, sai alƙali. Yaya ko baffa ba ya zama waliyyin dukiya don kawai shi ne babba. Kana da ikon naɗa wanda ka yarda da amanarsa a kan 'ya'yan amarya, ko ita kanta in ka san za ta iya. Su jikoki, tunda kaka ba ya cikin jerin, a je kotu ta tabbatar da mai riƙe musu.

In kana da niyyar sadaka mai gudana, rijiya ko ajin islamiyya ko shagon da hayarsa za ta riƙa zuwa ga marayu, wannan wakafi ne, irin wanda Sayyidina Umar ya yi da gonarsa ta Haibara. Da lafiyarka kana iya yin sa da duk abin da ka so, sai dai shi ma sai da hauzi. In ka jingina shi da mutuwa, cikin sulusin nan zai shiga ya yi gogayya da kason jikoki. Zamfara tana da Hukumar Zakka da Wakafi a Gusau, ana iya damƙa mata. Wakafin da aka keɓe wa 'ya'ya maza aka fitar da mata, Halil ya ce ɓatacce ne. Tunda maganar mata ta zo, ka faɗa wa 'ya'yanka maza da bakinka cewa 'yan'uwansu suna da kaso a fadama kanta. Dabarar da ake yi ta yi wa gona kuɗin banza a miƙa wa mace 'yan canji a ce "ai ke kina gidan miji" cin haram ne. Mace in ta ga dama ta sayar da kasonta, da farashin ranar, bayan ta san nawa ne.

Yadda za a rubuta wasiyyar: da Hausa, boko ko ajami, yadda kowa zai gane, a gaban shaidu biyu adalai waɗanda ba su da rabo a ciki, kuma gara waɗanda suka fi ka ƙuruciya. Ka ce musu wannan wasiyyata ce, ku shaida, a zartar da ita. Takardar da aka tsinta a akwati da rubutun hannunka ba tare da ka kafa shaida ba, malaman Malikiyya sun ce ba a zartar da ita, don wataƙila ka rubuta ne kana tunani ka fasa. In lauya zai rubuta maka, ka ce ya fara da cewa kai Musulmi ne kuma dukiyarka bisa shari'ar Musulunci za a raba ta. Dalili kuwa, a 1971 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Adesubokan da Yunusa cewa wasiyyar da Musulmi ya yi bisa dokar Ingila ta 1837 tana aiki ko ta saɓa wa rabon Musulunci. Daga baya wasu jihohi sun toshe wannan ƙofa da dokokinsu, kuma sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999 ya sa gado da wasiyya da kyauta da wakafin Musulmi cikin hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, amma babu amfanin barin kafar da wani zai ja shari'ar zuwa wata kotu.

Ka yi kwafi uku: ɗaya a hannunka, ɗaya wurin wasiyyi, ɗaya wurin liman ko lauya, a ɗauki hotonta a waya saboda gobara da gudun dare. Jerin dukiya da basussuka ya zama takarda daban da wasiyyar, domin shi yana sauyawa kowace kaka. Wasiyya kana iya gyara ta ko soke ta duk ranar da ka so. In an haihu, ko an rasu, ko ka sayar da wani abu babba, a sake zama da shaidu, a sa kwanan wata, a rubuta cewa wannan ta soke ta baya, a karɓo tsofaffin kwafin a yage su.